Masu Iya Yi wa Tsohon Ɗan Wasa Kuɗi

A gidajen kallon ƙwallo na Dugabau da sauran garuruwan Kabo da Gwarzo, da alƙalin wasa ya busa tashi sai wata kasuwar ta ci: wane nawa zai yi yanzu? Yawancin masu musun shekaru kawai suke ƙirgawa. Amma akwai gwanaye ƙalilan da idan suka yi wa ɗan wasa kuɗi, sai ka rantse dillalin shanu ne ya buɗe bakin bijimi yana duba haƙora.

Tambayarsu ta farko ita ce, da me yake cin abinci? Ɗan wasan gefe da gudu yake ci, gudu kuwa shi shekaru ke fara ƙwacewa. Ga Ahmed Musa. A 2016 Leicester ta biya CSKA Moscow sama da fam miliyan 16 a kansa, yana ɗan shekara 23. A 2021 ya dawo Kano Pillars ba a biya wata ƙungiya ko sisi ba, tun bai cika 30 ba. Mai gaggawa zai ce ya ƙare. Gwani kuwa sai ya raba zancen gida biyu: kuɗin saye daban, amfani daban. Ƙungiyar Turai tana sayen yaro ne da fatan ta sayar da riba gobe. Wanda ya manyanta ba a sa masa wannan ran, shi ya sa farashinsa ke karyewa alhali ƙafarsa na nan da ranta. Da Musa ya sake dawowa a 2024, lissafin Pillars, wato Masu Gida, albashi ne, da ƙwallayen da zai ci, da jama'ar da sunansa zai kwaso zuwa filin Sani Abacha a Ƙofar Mata.

Sai su kawo Rabi'u Ali, mai laƙabin Pele, wanda ya haura 40 yana jan Pillars daga tsakiya. Ido da bugun tazara ba sa saurin tsufa, don haka ma'auninsa ba ɗaya ba ne da na mai gudu.

Abu na ƙarshe da suke dubawa shi ne rauni da tsawon kwantiragi, a nan ma na fi sara musu. Tsohon hannun da gwiwarsa ke lafiya, a kwantiragin kaka ɗaya, a wurina ciniki ne mai kyau. Kaka uku kuwa caca ce.