Giyar Hannu da Tsohuwar Fijo: Nazari a kan Shauƙin Direbobin Hanyar Anaca

Duk wanda ya saba zama da direbobin da ke jigila tsakanin ƙasar Hausa da ƙasar Ibo, ko a bakin Kasuwar Ochanja ta Anaca inda fatakenmu ke sarin takalma da tufafi, ko a Garikin Inugu inda ake sauke shanu, ko a wuraren sauke albasa da tumatir na Fatakwal, ya san cewa da wuya a tashi daga hira ba a taɓo wata mas'ala da ba ta tsufa a bakinsu ba, wato fifikon mota mai giyar hannu a kan wadda ke sauya wa kanta giya, da darajar motocin da, musamman Peugeot 504 wadda kowa ya sani da Fijo, a kan dukkan waɗanda suka biyo bayanta. Mai gaggawar hukunci zai ce begen ƙuruciya ne kurum, tun da yake ɗabi'ar ɗan Adam ce ya yabi zamanin da yake da ƙarfi a jika. Amma wanda ya natsu ya saurari hujjojin da suke kawowa zai tarar da cewa a ƙarƙashin wannan bege akwai ilmi na haƙiƙa, akwai kuma tarihin wata sana'a wadda ta ciyar da gidaje masu yawa, kuma ta cancanci a auna ta da mizanin adalci.

Wannan shauƙi bai keɓanta da mu ba. A Amurka, inda kamfanin General Motors ya fitar da giya mai sauya kanta a motocin Oldsmobile na 1940, har aka wayi gari galibin mutanen ƙasar ba su san amfanin ƙafar hagu a tuƙi ba, mujallar Car and Driver ta ɗaga murya a 2010 tana kira da a ceci giyar hannu kada ta ɓace. Kamfanin Porsche na Jamus kuwa, da ya fitar da motarsa ta gudu 911 GT3 a 2013 ba tare da giyar hannu ba, ma'abota motar sun yi ta ƙorafi har sai da ya mayar musu da ita a 2017, alhali kowa ya tabbata cewa wadda na'ura ke sauya wa giya ta fi sauri. Sai dai waɗancan masu hali ne, waɗanda ke ajiye tsohuwar mota a lulluɓe, su fito da ita ranar hutu domin nishaɗi. Direban da ke tasowa daga Kano da lodin wake zuwa Anaca bai san wannan irin nishaɗi ba; a wurinsa sandar giya abin neman halali ce, kuma ƙaunar da yake yi mata ƙauna ce ta mai sana'a ga kayan aikin da ya jarraba a lokacin tsanani bai kunyata shi ba.

Asalin Fijo 504 a Faransa ne, inda ta fito a 1968, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar motar Turai ta 1969. Sunanta a Afirka kuwa a kan turɓaya da laka ta yi shi, domin yayarta 404 ta riga ta lashe tseren Safari na Afirka ta Gabas a 1963, da kuma sau uku a jere daga 1966 zuwa 1968, sa'an nan ita kanta 504 ta lashe shi a 1975 a hannun Ove Andersson, mutumin Suwidin, kana a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da tseren Bandama na Kwaddibuwa da samfurinta mai ƙofa biyu da babban inji. A shekarar 1975 ɗin nan ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta soma haɗa motoci, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, ƙarin albashin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, kuma bayan rasuwar Janar Murtala gwamnatin Obasanjo, da nufin rage israfi, ta mayar da Fijo motar manyan jami'anta. Da haka mota guda ta zama ta gwamna da alƙali da malamin makaranta da direban tasha, abin da ba a sake ganin irinsa ba a ƙasar nan. Turawa sun daina ƙera ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita fiye da shekara ashirin bayan haka.

Hikimar ƙirarta ita ce dalilin daɗewarta. Injin yana gaba, ƙafafun baya ke tura ta, kuma sandar da ke kai ƙarfi baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ke kare ta daga duwatsu, yana kuma ɗaukar wahalar tunkuɗa. Ƙafafunta suna da nisan lotsawa, ta yadda ramin da zai girgiza wata motar har haƙora ita sai ta haɗiye shi. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa. Injinta mai lita biyu da kafireta yake aiki, babu kwamfuta, babu wata na'ura da ke ɓoye wa mai ita abin da ke damunta. Doguwar, mai kujeru layi uku, ita ta mallaki tashoshin mota shekaru masu yawa, a-kori-kurarta ta ɗauki buhuna daga ƙauye zuwa birni, 'yar'uwarta J5 kuma har yau tana sauka kudu da kwandunan tumatir da tattasai. A ɓangaren manyan motoci kuwa, Marsandi mai gajeren hanci da ake kira 911 ita ce ta yi irin wannan suna, kuma masana'antar ANAMMCO da aka buɗe a Emene ta Inugu a 1980 ta sa motocin Marsandi suka zama 'yan gida a wannan yanki.

Amma wanda yake son ya fahimci matsayin giyar hannu a zukatan waɗannan mutane, wajibi ne ya san hanyar da suke bi. Mai tasowa daga Arewa ta Akwanga da Lafiya, ya haye Binuwai a Makurɗi, ya wuce Otukpo da Obollo-Afor, zai iso mararrabar Ninth Mile, inda ko dai ya miƙe ta Awka zuwa Anaca, ko ya gangara Inugu, birnin da ke kwance a gindin tsauni. Gangaren nan, ko ta tsohuwar hanyar Milliken mai lanƙwashe-lanƙwashe ko ta Ugwu Onyeama a kan babban titi, shi ne wurin da ake bambance direba da mai riƙe sitiyari. Mota mai nauyi in aka dogara ga birki kaɗai a doguwar gangara, birkin yakan ɗauki zafi har ya daina kamawa, a lokacin da aka fi bukatarsa. Gwani kuwa tun kafin ya shiga gangaren ya rage giya, ya bar injin da kansa yana riƙe motar, birki ya zama mataimaki da ake taɓawa jefi-jefi. Ƙa'idar da iyayen gida ke koya wa yaransu ita ce, giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauka. Tsofaffin gingimari ma ba sa karɓar giya sai an taka kuloci sau biyu, an ɗan ba da wuta a tsakani domin gudun injin ya dace da na haƙoran giya, kuma da kunne ake gane wannan dacewa. Ga kuma fa'idar da duk matafiyin dare ya san ƙimarta: in batir ya mutu a dajin da babu gari kusa, fasinja su tura, direba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, mota ta tashi.

Saboda haka nake ganin cewa abin da direbobin nan ke ƙauna a haƙiƙa shi ne kasancewar hukunci a hannunsu. Jama'ar da ta daɗe tana girmama mahayin da ya san bakin dokinsa ta linzami, ya san lokacin sakin sa da lokacin tsuke shi, ba abin mamaki ba ne in ta girmama wanda ya san numfashin injinsa ta tafin hannu da tafin ƙafa. Wannan sani kuwa ba ya samuwa a mako biyu na makarantar koyon tuƙi. Yaro yakan shiga a matsayin karen mota, ya shekara yana wanke ta, yana ɗaure lodi, yana dirowa da gudu ya sa waigi a bayan taya in an tsaya a kan tudu, yana kwana a ƙarƙashinta yana gadin kaya; daga nan a yarje masa ya ɗumama inji da asuba, sa'an nan ya matsar da ita a cikin tasha, kuma duk tsawon wannan zamani yana zaune a gefen maigidansa yana lura da inda ya sauya giya da dalilin sauyawar. Ranar da aka yaye shi aka danƙa masa makulli, an danƙa masa amanar rayuka da dukiyar mutane ne, kuma sunan wanda ya koya masa yana biye da shi duk tashar da ya shiga, ta yadda in ya yi ganganci maigidan ne za a fara tambaya. Ladabi da haƙuri da wannan tarbiyya ke dasawa su ne, a ganina, mafi tsadar abin da ke tattare da al'adar.

Akwai wani ɓangare da ba a cika ambatonsa ba, alhali yana da girma. Fijo da Marsandi ba su rayu da hannun direba kaɗai ba. Sun rayu da ɗan kasuwar Ibo mai kayan gyara. Kasuwar Nkwo ta Nnewi, da ta sababbin kayan mota a Nkpor, da Mgbuka ta Obosi inda ake sayar da na hannu, duka suna kewaye da Anaca, kuma daga nan kaya ke tafiya har Sabon Garin Kano da Fantekar Kaduna. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, wanda ya yanke gadar Kwara ta Anaca da aka gama a 1965, ya kuma yanke abin da ya fi gada tsakanin mutane, mu'amalar yau da kullum ce ta ɗinke da yawa daga abin da ya yage, kuma cinikin faifan kuloci da fulogi da shokazoba yana cikinta. Bahaushe ya zo da lalataccen ƙarfe a hannu, Ibo ya dube shi ya san na wace mota ce da wace shekara, a yi ciniki, wani lokaci a ba da bashi sai an dawo daga Arewa. Da yake mota iri ɗaya ce ta cika ƙasa, ilminta ya zama na kowa, bakanike a Obollo-Afor ya san abin da bakanike a Funtuwa ya sani.

To, adalci ya wajabta a faɗi inda masu wannan shauƙi suka wuce iyaka. Da'awar cewa giyar hannu ta fi tsimin mai ta yi daidai a da, amma motocin zamani masu sauya wa kansu giya sun cim mata, wasu sun wuce ta, kuma su ma ana iya tsare su a ƙaramar giya a gangara in direba ya sani. Wanda ya taɓa shiga cunkoson Upper Iweka a Anaca ko na bakin gadar Kwara kafin a buɗe gada ta biyu a 2023, yana taka kuloci sa'o'i har gwiwa ta yi tsami, ba za a zarge shi ba in ya nemi sauƙi, haka nan dattijo da mai larura. Tsohuwar Fijo kuwa, duk da ƙwarinta, ba ta da jakar iska mai kare fasinja, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, kuma an yi ta ɗora mata mutane da kaya fiye da abin da aka ƙera ta dominsa. Mafi muni shi ne ɗabi'ar wasu direbobi ta sa mota a firi a kan gangara domin tsimin ɗan man da bai taka kara ya karya ba, wanda hakan zubar da babbar fa'idar giyar hannu ne, da jefa rayukan bayin Allah cikin halaka. 'Yancin da sandar giya ke ba gwani, shi take ba wawa, kuma iyalai da yawa a Arewa da Kudu sun yi zaman makoki saboda haka.

Abin da ya kawar da Fijo daga tasha ya faro ne daga 1986, lokacin da tsarin gyaran tattalin arziki ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, motocin hannu suka kwararo daga Turai ta Kwatano, har Golf da Sharan da bas-bas na Toyota suka gaje layin da doguwar Fijo ke lodi. Yanzu kuma galibin na hannun da ke shigowa daga Amurka masu sauya wa kansu giya ne, kuma in sun yi ciwo sai an jona musu kwamfuta kafin a san inda ke musu zafi, abin da ya mayar da tsohon bakanike baƙo a cikin garejinsa.

Abin da ke damuna shi ne, muna yabon waɗannan motoci da baki, amma ba mu adana su. Mukan more su har su faɗi, sa'an nan 'yan gwangwan su auna su a sikeli su kai kamfanin narka ƙarfe. Motar da jama'a suka fi sani a gidan tarihi a ƙasar nan ita ce Marsandin da aka harbe Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda ke ajiye a Onikan ta Legas, kuma saboda musiba aka ajiye ta. Ya kamata Kaduna, wadda ta haɗa Fijo shekara talatin, ta ajiye doguwa guda da a-kori-kura guda masu lafiya, a riƙa tayar da su ana zagayawa da su, domin injin da aka bari a tsaye lalacewa yake yi. Ƙungiyoyin direbobi na Anaca da Inugu da Fatakwal kuma suna da ikon su sayi Marsandi 911 guda su gyara ta. Dattawan da suka iya saita kafireta da kunne, suka kuma san sunan kowace gangara daga Akwanga zuwa Ninth Mile da giyar da ta dace da ita, suna nan da ransu a tashoshin nan, kuma ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da ta Nsukka za su iya zama da su su rubuta abin da ke kansu.