Dala Nawa Ce Dala? Nazari kan Hausar Na'urorin Fassara

Duk wanda ke koyar da harshe a kwaleji ko lise a jihar Damagaram cikin ƴan shekarun nan ya san an samu wani sabon marubuci a ajinsa. Sunansa ba ya cikin rajista, ba ya zama a kan benci, amma hannunsa na cikin aikin gida na ɗalibai da dama. Wannan marubuci shi ne na'urar fassara da ke cikin wayar salula. Tun da rubutunta ya kai ga teburin malami, ya cancanci a yi masa abin da ake yi wa kowane rubutu, wato a karanta shi a tsanake, a auna shi, a faɗi inda ya yi daidai da inda ya kauce. Abin da nake so in gwada ke nan a wannan ɗan nazari, kuma daga Sassumbrum nake dubawa, garin da ke gundumar Magarya, dab da iyakar Najeriya ta wajen ƙasar Daura, inda sefa da naira ke kwana a aljihu guda.

A ƙarshen shekarar 2013 ne kamfanin Google ya shigar da Hausa cikin harsunan da manhajarsa ke fassarawa, tare da Yarbanci da Ibo da Somaliyanci da wasu. Daga baya wasu kamfanoni sun biyo sahu, har aka kai ga manhajojin da ke amsa tambaya da tsara wasiƙa. Sunayensu daban-daban ne, amma makarantar da suka yi ɗaya ce: an tara musu rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, suka koyi wace kalma ke bin wace, da wace jimla ke tsayawa a madadin wace. Ba su taɓa zuwa kasuwa ba, ba su taɓa zaman makoki ba. Abin da aka rubuta kawai suka sani. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai nazari ya yi ita ce: wace Hausa aka rubuta har ta kai ga intanet? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Kaso mai tsoka labarai ne na gidajen rediyon ƙetare, irin su BBC da ta buɗe sashen Hausa a 1957, da Muryar Jamus a 1963, da Muryar Amurka a 1979, da Rediyon Faransa a 2007. Sai jaridun Najeriya, da littattafan addini da aka fassara, da abin da masu sa kai ke zubawa a Wikipedia. Mafi yawan wannan rubutu fassara ce daga Ingilishi tun asalinsa. Ke nan na'urar ta sha nonon fassara ne, ba nonon magana ba.

Sai a yi mata adalci tukuna. Idan labari ne na taron shugabanni, ko sanarwar rigakafi, ko bayanin yadda ake cika takarda, Hausarta na fita sarai, kuma ɗan kasuwar da bai yi lakwal ba na iya gane abin da takardar Faransanci ke nema daga gare shi ba tare da ya bi gari yana neman mai karanta masa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Har ila yau akwai wani abin kunya da ya kamata mu malamai mu lura da shi: sau da yawa na'urar ta fi masu rubutu a waya kiyaye haruffa masu lanƙwasa. Tana rubuta ƙasa da ƙ, ɗaki da ɗ, ɓera da ɓ, alhali jama'a na aika wa juna saƙo suna cakuɗa baki da baƙi, dari da ɗari, kafa da ƙafa, duk da cewa allon rubutun Hausa ya daɗe da samuwa a wayoyi. Sai dai a wajen harafi guda takan nuna inda ta yi karatu. Tsarin rubutun Hausa da ma'aikatar ilimi ta Nijar ta kafa a 1999 ya tanadi ƴ, kamar a ƴaƴa da ƴanci, ita kuwa galibi waƙafin sama take sawa kafin y, yadda ake yi a Najeriya. Wannan ba laifi ba ne, lasa ce kawai irin ta baƙo.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne wajen kuɗi. A Sassumbrum, kamar ko'ina a Nijar, dala sefa biyar ce. Dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, dala ɗari biyu kuma jika guda, wato sefa 1000. Yaron da bai kai shiga lakwal ba ya san wannan lissafi, domin da shi ake aikensa sayen ƙuli-ƙuli. Amma a rubutun da na'ura ta koya, dala kusan kullum ta Amurka ce, wadda ake ambata a labarin bashi da tallafi, kuma wadda darajarta ta haura sefa 500 a shekarun nan. A ba ta jimlar da ke cewa kowane uban yaro ya kawo dala ɗari don gyaran rufin aji, a ce ta mayar da ita Faransanci. Abin da zai fito na iya nuna cewa ana neman fiye da jika hamsin daga kowane magidanci. Kuskure ya ninka gaskiya sau ɗari da ɗoriya, kuma jimlar za ta fito tsaf, ba tuntuɓe ko ɗaya a nahawunta, har mai karatu ya rasa abin da zai sa ya yi shakka. Abin ban sha'awa, na'urar ba ta yi nisa da tarihi ba. Dalar Hausa da dalar Amurka jikokin kaka ɗaya ne, wato tsohon kuɗin azurfa na Turai da ake kira taler, wanda samfurinsa mai hoton sarauniya Mariya Tareza da shekarar 1780 ya yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa a ƙarni na 19. Da Faransawa suka zo da sulallan azurfa na faran biyar, sai sunan ya koma kansu, ya zauna har yau. Kalma ɗaya ce ta rabu gida biyu, na'ura kuwa gida ɗaya kawai aka kai ta.

Haka abin yake da sauran kalmomin da mulkin mallaka ya raba mana. A nan yaro na zuwa lakwal da kaye da bik, ya gaida mushe. A Daura yana zuwa makaranta da littafi da biro, ya gaida malam ko tica. A nan kuwa biro wurin aiki ne, inda ake zuwa neman sa hannu. Mu muna biyan lanho, muna tsayawa a duwan, muna jiran kuran ya dawo. Su suna biyan haraji, suna tsayawa a kwastan, suna jiran a kawo wuta. Idan mace ta ce ta kai yaro likita, a nan wuri take nufi, can kuwa mutum. Mutumin bakin iyaka bai ɗauki wannan a matsayin matsala ba. Ya san kalmomin duka biyu, yana juya su kamar yadda yake juya naira da sefa, yana duban fuskar mai magana da lambar motarsa ya san wane biro ake nufi. Nahawun Hausarmu bai yi nisa da na Daura da Kano ba, don haka ba rigimar kari ba ce. Rigimar ita ce, na'ura ba ta ganin fuska, kuma rabin ƙamus aka ba ta.

Akwai wani aibi da ya fi wannan ɓoyuwa, wanda sai mai koyar da Faransanci da Hausa a lokaci guda zai fi saurin kama shi. Da yake mafi yawan jimlolin da aka jera wa na'ura gefe da gefe tsakanin Ingilishi da Hausa ne, fassara daga Faransanci kan ɗauki ƙamshin Ingilishi a hanya, kamar ruwan da ya kwana a tulun da aka taɓa zuba kananzir. To, akwai wuraren da Faransanci da Hausa suka fi kusa da juna fiye da yadda kowannensu ya kusanci Ingilishi. Faransanci ya bambanta tu da vous, kamar yadda muka bambanta kai da ku, har da ku ɗin girmamawa da ake yi wa dattijo ko suruki. A rubuce ya bambanta tu es venu da tu es venue, kamar yadda muka bambanta ka zo da kin zo. Ingilishi kalma ɗaya tak gare shi a madadin kai da ke da ku. Duk abin da ya ratsa ta wannan ƙofa mai ƙunci sai ya fito a tuɓe, sannan na'ura ta yi cinke ta tufatar da shi, kuma cinkenta kan faɗa a kan namiji tilo. Ga ɗaliba ta rubuta wa innarta wasiƙa, ga takarda na ce wa inna ka. Ga wasiƙar neman alfarma wurin mai gari, ga ta tana yi masa kai tsaye kamar abokin wasa. A ƙasar da ake auna tarbiyyar mutum da yadda yake jera waɗannan ƙananan kalmomi, wannan ba kuskuren nahawu kaɗai ba ne.

Sai kuma salo. Hausar na'ura ba ta san gaisuwa ba, kuma ba ta san sallama ba. Inda za mu ce mu yini lafiya, sai ka ga an rubuta wa mutum ya yi rana mai kyau, abin da a watan Afrilu a Magarya ya fi kama da baƙar addu'a. Tana son a gudanar da komai, a aiwatar da komai, ko da shara ce. Jimlolinta a miƙe suke kamar titin kwalta, ba dai, ba fa, ba kam, ba ma, waɗannan ƴan ƙananan kalmomi da ke nuna inda mai magana ya jingina nauyinsa. Abin da ke damuna ba wai na'ura ta rubuta haka ba ne. Abin damuwa shi ne ɗalibi ya fara ɗauka cewa wannan ce Hausar ilimi, ta bakin mahaifiyarsa kuwa ta ƙauye ce. Alamar hakan ta fara bayyana a takardun da aka rubuta da hannu a cikin aji, inda ba waya a kusa.

Me ya sa Hausarmu ba ta kai ga na'ura ba, alhali ba a taɓa yin zamanin da mutanen karkara ke amfani da waya kamar yanzu ba? A nan ne na ga wani dacen tarihi da ke ba ni mamaki. A wannan shekara ta 2013 da Hausa ta shiga manhajar fassara, a cikinta ne WhatsApp ya fito da saƙon murya. Wannan ƙaramin maɓalli ya yi wa jama'armu daidai kamar an auna su. Ɗan cirani a Agadas ko Legas ko Libiya na danna shi ya yi wa gida bayani da bakinsa, tsohuwa ta mayar masa da amsa da karin magana da habaici da addu'a, ba wanda ya nemi mai rubuta wasiƙa. Hausa mafi daɗi da ake yi a gundumomin Magarya da Dungas a yau tana cikin waɗannan saƙonni. Amma saƙo ne tsakanin mutum biyu ko ƴan zaure ɗaya, kuma idan waya ta cika sai a goge shi don a sami wurin hoto. Fasaha ɗaya ta kuɓutar da mu daga wahalar rubutu, ɗayar kuma rubutu kaɗai take ji.

Ba kuma wai Nijar ba ta rubuta Hausa ba. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a makarantar firamare a birnin Damagaram. Cibiyar CELHTO da ke Yamai ta tattara tatsuniyoyi da tarihin baka, INDRAP ta wallafa littattafan aji, Abdu Mijinguini ya yi ƙamus na Hausa zuwa Faransanci, ma'aikatan yaƙi da jahilci sun yi shekaru suna buga ƙananan jaridu. Sai dai mafi yawan wannan aiki a takarda yake, cikin kabad, wani gara ta fara ɗanɗana shi. A idon na'ura, abin da ke cikin kabad daidai yake da abin da ba a taɓa rubutawa ba.

Maganar ta daina zama ta aji kaɗai tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin da ake kira Charte de la Refondation ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Idan har za a bi wannan da aiki, akwai tarin takardun hukuma da za su buƙaci fassara: sanarwar magajin gari, takardar haihuwa, ƙa'idar sayar da fili, jadawalin lanho. Ƙwararrun masu fassara kaɗan ne, waya kuwa tana aljihun kowane sakatare. Ba sai an yi duba ba kafin a san hanyar da mai gaggawa zai bi. Ranar da aka manna takarda a ƙofar biro da dala a cikinta, ya kamata a ce wani ya karanta ta kafin a buga mata hatimi.

Hana ɗalibai taɓa na'ura ba zai yiwu ba, kuma ban ga amfaninsa ba. Abin da ya fi kama hankali shi ne a shigo da ita aji a zaunar da ita a bencin ɗalibi. A ba ta sakin layi na Faransanci, a kwafe abin da ta fitar a kan allo, a miƙa wa yara jan alli su gyara: ina ta mayar da mace namiji, ina ta cire wa babba rawani, wace kalma ce ta Kano wadda ke da ƴar'uwa a nan, kuma wacce ce daga cikinsu ta dace da wanda ake rubuta wa. Yaron da ya kama na'ura da kuskure sau ɗaya ba ya ƙara durƙusa mata. Ƙungiyoyin al'adu kuwa nasu aikin ya fi tsawo: su nemi izinin masu haƙƙi su sake buga tsofaffin littattafan nan a kwamfuta, su nemi yardar dattawa su rubuta hirarsu, su sa a inda kowa zai samu, da ƴ ɗinta da lakwal ɗinta. A kowane shafi da aka ambaci kuɗi, a rubuta dala yadda ake faɗinta, sannan a biyo ta da adadin sefa a lamba.