Masu Saita Haƙoran Aksil a Ƙofar Ƙwaya

A gefen titunan da suka taso daga Ƙofar Ƙwaya, ba a rasa ganin Hilux ko tsohuwar akori-kura 504, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, an ɗage bayanta sama, an zare tayoyi, ƙafafun wani yaro sun leƙo daga ƙarƙashi. Aksil ɗin baya ake saukewa. Kayan aikin ba su da yawa: jak, sifana, guduma, kananzir a kwano, sai kututture da ake tokare motar da shi, don mai hankali ba ya kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Saukewar aikin ƙarfi ne. A kwance farfela, a cire shokazoba da bututun birki, a warware notunan da suka ɗaure aksil da sifirin, majiya ƙarfi su jawo shi waje. Yaran gareji ma suna iya wannan.

Inda maigida ke karɓar aiki shi ne cikin tukunyar tsakiya. Nan ƙaramin giya mai karɓar juyi daga farfela yake cizon babban faifai mai haƙora, wasu ƙanana kuma suna ba tayar waje damar fin ta ciki gudu a kwana. Tun kafin a buɗe, maigida ya gama sauraro. Kukan da ke tashi in an taka totur ya lafa in an saki, haƙora ne. Gurnanin da ke canzawa in an karya kwana, boris ɗin taya ne.

Ratar da ake bari tsakanin haƙoran nan ba ta kai kashi 1 cikin 5 na milimita ba, kamar kaurin takarda biyu. Ta yi yawa, a ji ƙwas-ƙwas. Ta matse, ƙarfe ya yi zafi ya cinye kansa. Sai maigida ya shafa fenti a 'yan haƙora, ya juya da hannu, ya duba inda ya goge. In shaidar ta zauna a tsakiyar haƙori, madalla. In ta zame baki, a sake kwancewa, a ƙara siririn wasa ko a rage. Yakan maimaita har mai mota ya ƙosa, kuma ni dai a nan nake gane gwani.

Wanda ya sayo aksil na hannu daga Ƙofar Ruwa a Kano, sai an ƙirga masa haƙora: 41 a kan 10 daban yake da 43 a kan 10. A mota mai ja da taya huɗu, in gaba da baya suka saɓa, giya ce za ta biya.

Akwai kuma ɗan hancin iska a saman aksil, wanda ƙurar hunturu ke toshewa. In ya toshe, mai ya fasa roba ya jiƙa birki. Shi ya sa gwani ke busa shi kafin ya zuba mai lamba 90, ya fitar da iskar birki, sannan a hau titi gwaji.