Dami 32 ko 256? Nazari kan Ɗaurin Fakitoci a Open vSwitch

Layin da ke gudun gigabit 10 a sakan yana iya kawo ƙananan fakitoci, masu bayit 64, har miliyan 14.88 a cikin sakan guda. Kowane fakiti ke nan rabonsa nanosakan 67 ne kacal, lokacin da leƙe ɗaya zuwa babbar ma'adanar kwamfuta kan iya cinye shi kaf. Wannan ƙuncin ne ya tilasta wa masu rubuta manhajar rarraba fakiti su bar bin fakitoci ɗai-ɗai, su koma ɗaure su dami-dami.

Hikimar a fili take. Kuɗin shiga aiki sau ɗaya ake biya wa dami duka, umarnin da ake bi yana zaune daram a ƙaramar ma'adanar furosesa, kuma tun ana aikin fakitin farko ake janyo bayanan na gaba. DPDK, kayan aikin sarrafa fakiti da Intel ta faro a 2010, a kan wannan aka gina shi. Open vSwitch, ɗaya daga cikin manhajojin rarraba fakiti, idan tana tafiya a kansa, fakiti 32 take kwasa a tashi ɗaya, ta duba inda kowanne ya nufa, ta ware masu hanya ɗaya, ta zartar musu da hukunci tare. VPP kuwa, wata manhajar irinta da Cisco ta sake wa jama'a a 2016, tana kaiwa har 256.

To me zai hana Open vSwitch ta ƙara? Wanda bai leƙa cikinta ba zai ɗauka lamba ɗaya za a sauya a tashi. Ba haka ba ne. Adadin ya yi jijiya. Sashen da ke binciken dokoki yana riƙe da lissafin fakitocin da suka samu amsa a wata lamba mai ɗigo 32, kowane ɗigo fakiti guda, sannan jerin wuraren ajiya da dama an yanka su daidai wannan awon. Ka ɗaga rufin ba ka bi su duka ba, ka buɗe wa ɓarna ƙofa.

Kuma girma ba kullum ne riba ba. Idan dami ya fi ƙarfin ƙaramar ma'adana, abin da ake gudu shi za a tarar. Ga kuma jinkiri. Wanda ya taɓa zama a motar tasha da ba ta tashi sai ta cika ya san halin fakitin farko idan aka ce sai an tara masa abokan tafiya. Shi ya sa wajen karɓa ba a jira, abin da aka tarar shi ake ɗauka, ko da biyu ne; jiran wajen fitarwa kuwa zaɓi ne da mai kula da na'ura zai kunna da kansa.

Inda maganar ta fi nauyi, a ganina, ba gasar gudu ba ce, batun yanka manyan fakitoci ne. Injin kwaikwayo (virtual machine) kan miƙo ƙaton fakiti mai kusan kilobayit 64, ya bar wa katin sadarwa aikin yanka shi. Idan katin bai iya ba, manhaja ce za ta yanka, kuma in kowane yanki bayit 1460 ne, za a samu yankuna kusan 45. Fakiti ɗaya tak ya haifi abin da dami 32 ba zai ɗauka ba, balle a ce fakitoci da yawa ne irinsa. Nan dole a sarƙa dammuna da yawa, ko a bar damin ya buɗe, in ba haka ba a zubar da kaya a hanya.

Don haka ban ga amfanin kwaikwayon 256 na VPP don kawai ya fi yawa ba. Tsarinta daban ne tun daga tushe. A bar 32 a ƙofar shiga, amma a koya wa cikin manhajar ɗaukar abin da ya zarce haka duk lokacin da yanka ya haifar da ƙari.