Harshen Kara ko Harshen Roba?

Kilarinet, wato baƙar sarewar nan ta Turawa da ake ji a cikin badujala, ba ta da murya sai an ɗaura mata wani siririn tsagin kara a baki. Shi ne harshenta, shi iskar mabushi ke kaɗawa. Yanzu an sami harshen roba, gardama kuwa ta tashi tsakanin masu busa a ikkilisiya. Waɗansu sun ce muryar roba ba ta da rai, ba ta cancanci sujada ba. Ya kamata a auna wannan magana da adalci.

Kara yana da darajarsa. Wanda ya fi suna yana fitowa ne daga yankin Var a kudancin Faransa, inda kamfanin Vandoren, wanda aka kafa a 1905, yake samun nasa. Akan shanya shi wajen shekara 2 kafin a fere shi. In aka dace da mai kyau, muryarsa tana da taushi, tana bin numfashin mabushi har zuwa raɗa. A waƙar jana'iza ko lokacin cin jibi, da wuya a sami abin da ya fi shi.

Amma kara ba ya aiki sai da laima. Duk Bahaushen Wagadugu, ko mazaunin unguwar Zongo ne ko cikin waɗanda aka tasa daga Zangouettin a 2003, ya san yadda hunturun garin yake tsage leɓe. Haka yake yi wa kara. Kirsimati kuwa a tsakiyar hunturu take zuwa. Mabushi ya jiƙa harshe kafin sujada, ya bushe lokacin wa'azi, ya kanannaɗe, da an tashi waƙa sai ƙyaƙƙyara. Ga shi kuma a kwali mai guda 10 ba duka ne suke da amfani ba.

Mummunan sunan roba yana da tushe. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu karan Faransa ya daina isa Amurka, sai mutane irin su Mario Maccaferri suka shiga yin harshen roba. Na zamanin nan na farko muryarsu da kaushi take. Amma daga 1998, da kamfanin Légère na Kanada ya fito da nasa, abin ya sake. Ba a jiƙa shi, rani da damina duk ɗaya ne a gare shi, yana kuma yin watanni. Wanda yake hukunta robar yau da laifin ta jiya bai yi gaskiya ba.

Duk da haka, kowane allazi da nasa amanu. Kuɗin harshen roba guda ya kusa na kwalin kara sukutum, in ya tsage kuwa ba ya gyaruwa. Zafi yana lanƙwasa shi, bai kamata a bar shi a rana ba. Muryarsa takan tsaya a kama ɗaya, kuma yaron da ya tashi da shi kaɗai ba zai koyi zaɓen kara da kankare shi ba.

Masu cewa kara shi ne na asali su tuna da mai algaita, wanda yake yanko nasa harshen da hannunsa. Shi ne yake da bakin maganar asali. A wurin mai kilarinet, karan Faransa da robar Kanada duka baƙi ne, da kuɗin baiko ake sayo su. Ma'aunin da Manzo Bulus ya bayar a 1 Korantiyawa 14 kuwa bai tambayi abin da aka yi sarewa da shi ba. Abin da ya nema shi ne sautin ya fita a rarrabe, mai ji ya gane waƙar.

Saboda haka, ga masu koyo da masu busa a fili cikin hunturu, roba ta fi. Gwani ya riƙe karansa don damina da waƙoƙin natsuwa. Kafin dattawa su taɓa baiko, su juya baya a busa musu waƙa ɗaya da kowane harshe, sa'an nan su zaɓa. An ce gani ya kori ji, amma a wannan shari'a kunne ne alƙali.