Graceland: Kaya Cike da Gida, Mai Gidan Yana Sama

Mota muka ɗauka haya ni da matata, irin wadda ake kwana a cikinta, da gado da ɗan kicin da makewayi. Mun fara tsayawa a Tupelo, jihar Misisifi, inda aka haifi Elvis Presley ranar 8 ga Janairun 1935. Gidan ɗaki biyu ne na katako, mahaifinsa Vernon ya gina shi da kuɗin rance. Da kaɗan ya fi motarmu girma. Cikin awa biyu muka iso Memphis, muka yada zango a filin masu irin motarmu, dab da Graceland, gidan da Elvis ya saya a 1957 kan dala 102,500 yana ɗan shekara 22.

Tun 1982 aka buɗe gidan ga baƙi. Ana miƙa maka kwamfutar hannu da abin sawa a kunne, murya tana bi da kai ɗaki-ɗaki. Rubuta manhaja ce sana'ata, na kuwa san wanda ya tsara allo shi ke zaɓar maka abin da za ka gani. Na lura da mutane tsaye a tsakiyar falon Elvis, idonsu yana kan hoton falon a hannunsu.

To me aka zaɓa a nuna? Kaya. Doguwar farar kujera, gilashi mai zanen ɗawisu, ɗakin ƙasa mai talabijin uku a jere, ɗakin wasan sunuka da aka lulluɓe bangonsa da rufinsa da yadi. A tsallaken titi ga motoci, ga jirgin sama mai sunan 'yarsa Lisa Marie. Wanda ya fito daga Tupelo da safe ba zai yi wa wannan ƙawa dariya ba. Ɗan talaka ne ya samu, ya sayi duk abin da ya taɓa hange a tagar kanti. Amma kayan suna gaya maka abin da waƙa ta saya ne kawai. Kana iya zagaye ɗakunan tsaf ka fito ba ka gane dalilin da muryarsa ta girgiza Amurka ba.

Amsar tana cikin gari, a ɗan ƙaramin situdiyon Sun, inda ya rera "That's All Right" a Yulin 1954. Waƙar ta Arthur Crudup ce, baƙar fata ɗan Misisifi, wanda ya fara ɗaukarta a 1946, ya kuma rasu a 1974 yana bin haƙƙin waƙoƙinsa. "Hound Dog" ma Big Mama Thornton ta riga shi rerawa. Elvis bai ɓoye inda ya sha ruwa ba, ya ambaci Crudup da bakinsa. Bangon Graceland ne ba ya ɗauke da wannan labari, ga shi kuwa unguwar da gidan yake, Whitehaven, yau akasarin mazaunanta baƙaƙen fata ne.

Ɗaki ɗaya ne ya tsayar da ni, shi ne kuma wanda aka fi yi wa ba'a: wanda ake kira ɗakin daji. Koriyar darduma mai gashi a ƙasa, irinta kuma a manne a rufi, kujeru masu sassaƙa, ruwa yana gangarowa daga bangon dutse. Muni dai ba ya da na biyu. Sai dai a 1976, lokacin da Elvis ya daina son fita situdiyo, kamfanin RCA ya ajiye motar ɗaukar sauti a waje, aka jawo wayoyi zuwa nan. Dardumar da ake raina ta shanye amsa-kuwwa. A nan ya rera "Moody Blue" a Fabrairu da "Way Down" a Oktoba, zaman ɗaukar waƙarsa na ƙarshe kenan. A nan kaɗai na ji ina gidan mawaƙi: mutum ya gaji, jiki ya yi nauyi, amma yana aiki. Da ni ke tsara ziyarar, a nan zan kashe allon in bar mutane minti uku da waƙar.

Sai matakala. Tana fuskantarka da shigarka, amma ba mai hawa. A sama ya rasu ranar 16 ga Agustan 1977, yana da shekara 42, bayan shekaru yana fama da ƙwayoyin da likitoci ke rubuta masa. Da farko na ɗauki rufewar a matsayin ɓoye gaskiya. Matata ta ce a'a, mamaci yana da sutura, ko da an sayar da tikitin falonsa. Mun yi ta musu har bakin kabarinsa a lambun gidan, inda yake kwance kusa da iyayensa da kakarsa, ga kuma ƙaramin allon tunawa da ɗan tagwaicinsa Jesse, wanda bai zo da rai ba. A nan na yarda ta fi ni gaskiya.

Da dare a cikin mota na kunna ta Crudup, sannan ta Elvis. Ita ta Crudup ta zaɓa. Ni har yanzu ina jujjuyawa.