Tayil da furen inji sun cinye bangon Zazzau

Jama'a, ku taso daga Kongo ku bi ta Tudun Wada, ku shiga birni ta Ƙofar Doka, ku ga yadda ake lulluɓe fuskar gidaje da tayil. A ciki kuma an manna takardar bango mai furanni, irin wadda inji ke bugawa dubu-dubu. Furen falon Alhaji shi ne na shagon aski, shi ne na ɗakin amarya. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Zariya fa ba baƙuwar zane ba ce. Maginanmu da hannu suke fitar da ado a bangon zaure tun yaɓen yana ɗanye: dagi, takobi, ganye, daga baya har keke da agogo. Kowane gida da nasa, har a yi wa baƙo kwatance da shi. Yau sai a kankare, a liƙa tayil, a ce an waye.

Abin da ya fi ƙona rai, ko sunayen masu zanen ba mu riƙe ba. A Italiya an yi wani mai zane, Mario Nuzzi, wanda ya rayu daga 1603 zuwa 1673. Bai kai su Leonardo suna ba, furanni cikin tulu ya fi zanawa, har aka laƙaba masa Mario na Furanni. Amma har gobe akwai titi a birnin Roma mai sunansa. Mu nan fa? In ka cire Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, wane magini za mu iya ambata? Wa ya zana zauren kakanka?

Na yarda, tayil ba ya tsoron damina, zanen laka kuwa sai da gyara. To ai maginanmu sun daɗe da iya fitar da shi da siminti.

A garin nan ne, a 1958, su Uche Okeke da Yusuf Grillo suna ɗalibai suka kafa ƙungiya don zanen zamani ya sha daga na gida. Ga na gidan muna binnewa da kuɗinmu.

Alhaji mai gini, don Allah bar wa magini bango ɗaya. Biya shi da kyau, ka sa ya rubuta sunansa da shekara a gefe.